Inda Kurman Jirgin Sallau Ya Sauka

A cikin manoman shinkafar da suka maka kamfanin Zalɓe a kotu, babu wanda ya kai Sallau ɗaga murya, kuma babu wanda ya kai shi roƙon Allah a ɓoye kada ranar shari'ar ta zo.

Sallau mutumin wani gari ne a bakin ruwan Kadawa. Yana auren Lantana, 'yar fari a wurin Alhaji Barau, dattijon da ya tara gonaki ya kuma tara faɗa. Da gwiwa ta fara damun Alhaji, sai ya damƙa wa Sallau babbar gonarsa ta shinkafa, da sharaɗi guda. Bai faɗa masa ido da ido ba, don Alhaji ba ya yi wa surukinsa magana kai tsaye. Sallau na durƙushe a bakin ƙofa, shi kuwa Alhaji ya kalli bango ya ce wa matarsa:

"Tabawa, ki gaya wa mijin yarinyar nan, gona ba ta son saƙo. Ranar da na ji rana ta take yana cikin gari ba ya cikin shinkafar nan, ranar zai kawo mini makullin injin ban-ruwa. Ina da 'ya'yan ƙanne suna zaune."

Hajiya Tabawa ta juya ta ce, "Ka ji."

Sallau ya ce wa tabarma, "Na ji, Baba."

Ta fannin surukuta kam, ko maƙiyin Sallau ba zai kushe shi ba. Tun daga bakin layi yake cire takalmi. Bai taɓa furta sunan Alhaji ba, har wani mai faci da ke tasha wanda shi ma Barau ne, Sallau ya mayar da shi "mai sunan Baba". In ya shigo gaisuwa ya hangi an ɗauko kwanon Alhaji, sai ka ga ya zabura ya yi waje kamar an ce gobara. Alhaji yana jin daɗin wannan ƙwarai. A bakin masallaci yakan ce, "Yaron nan ɗan gidan tarbiyya ne. Ko ruwa zan kurɓa sai ya ba ni baya."

Abin da ke cikin kwanon ma bai kai a guje masa ba. Likita ya ce Alhaji na da hawan jini da suga, ya hana shi nama da maiƙo da gishiri, ita kuwa Hajiya Tabawa ta karɓi maganar likitan nan kamar an naɗa ta hakimi. Zogale da safe, faten acca da rana, tuwon alkama da miyar da ko kaza ba ta wuce ta kusa da tukunyar ba. Ta je ta ja wa mahauta kunne. Ta ja wa mai tsire kunne. In Alhaji ya dawo daga waje har hannun rigarsa take sansanawa. Sa'ar da ya ci ita ce kullum bayan azahar yana fita ɗaukar karatu a zauren wani malami, sai la'asar yake dawowa, kuma Hajiya ba ta wasa da harkar karatu.

To, bala'in mai shinkafa shi ne jan-baki. Tsuntsu ne bai kai cikin tafi ba, amma in suka taso sai ka rantse hadari ne, kuma da shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, suna iya mayar da wahalar shekara ta zama buntu kafin ka idar da salla. A da, ihu ake yi da kaɗa gwangwani da majajjawa har murya ta dushe. Sai ga wakilin kamfanin Zalɓe ya zo daga Kano da kurman jirgi, wato ɗan jirgin nan maras matuƙi mai farfela huɗu. Yana shawagi a kan gona yana kukan shaho ta lasifika, in caji ya yi ƙasa ya sauka da kansa a kan wani akwati mai sola, ya sha, ya sake tashi. Ba ya gajiya, ba ya tafiya biki, ba ya cewa uwarsa ba lafiya.

Manoma suka yi rububi. Alhaji ma ya saya. Da wakilin zai ɗaura jirgin a kan wayar Sallau, Alhaji ya miƙa tasa wayar, wata shafcecciya da ɗansa ya aiko masa, wadda ban da amsa kira babu abin da ya sani a cikinta.

Wakili ya ce, "Alhaji, ai waya ɗaya ta isa."

"Kai ka saya ko ni? Kayana ne. Sa lambata."

Aka sa, jirgi ya hau kan wayoyin biyu. Daga ranar Alhaji bai sake tuna zancen ba.

Sallau ya yi kwanaki yana zama a gindin gona yana kallon jirgi na aiki. Jirgi ya tashi, tsuntsu ya watse, jirgi ya sauka, ya tashi. Sallau ya duba hagu ya duba dama ya ga shi dai babu abin da yake ƙarawa sai inuwa. Shi kuwa mutum ne da Allah ya jarabce shi da dara. A bakin tasha akwai wata tsamiya, a gindinta an haƙa gurabe, nan ake baje kolin cika baki tun hantsi. Ranar farko ya ce bari ya leƙa ya dawo. Ranar ta biyu ya yi azahar a can. Kafin wata ya juya, da Sallau ya tashi jirgi da safe sai ya hau babur, kuma ba a sake ganinsa a gona sai rana ta yi sanyi.

Ya yi dabara kuwa. Ya samu gwangwanin madara ya cika da taɓon fadama, ya ɗaure a bayan babur. In zai bi ta ƙofar gidan Alhaji da yamma sai ya tsaya a kwana, ya shafa a ƙafar wando, ya ɗan goga a gwiwar hannu, ya ƙaraso yana ɗingishi. Alhaji ya kalli bango ya ce, "Tabawa, a ba mijin yarinyar nan fura. Dubi yadda gona ta mayar da shi."

Da mutanen kamfanin nan sun bar abu yadda yake, da har yau Sallau na shan fura. Amma ina! Waɗannan masu ƙera kayan zamani ba sa iya ganin abu yana aiki lafiya su ƙyale shi. Ka sayi kaya, ka kai gidanka, ka ɗauka naka ne, ashe suna riƙe da igiyarsa daga can inda suke zaune cikin sanyin esi. Rana tsaka sai su aiko da abin da suke kira abdet, wato saƙon da ke shiga ta waya ya sauya wa na'ura ƙwaƙwalwa. Ba ka kai gyara ba, ba ka yi ƙorafi ba, su ne dai hannunsu ke ƙaiƙayi.

Saƙon ya sami Sallau yana tsakiyar wasa da Mati direba, babban abokin hamayyarsa. Rubutu ne da Turanci, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, ya rufe fuskar waya ya ƙi gushewa, ga wani koren maɓalli a ƙasa. Sallau ya danna don ya samu ya ga lokaci, ya mayar da waya aljihu, ya ce, "Mati, taka."

Washegari, rana ta take, Sallau ya matse Mati a lungu, saura motsi ɗaya ya gama da shi. Majalisa ta yi tsit. Sai aka ji kukan shaho daga sama, irin shahon da ya haɗiye lasifika. Kaji suka tarwatse. Mai rake ya kifar da baro. Kafin kowa ya ɗaga kai, iskar farfela ta share guraben dara tas, tsinke da tsakuwa suka yi nasu wuri, sai ga kurman jirgi ya sauka tsaf a gaban Sallau, yana lumshe 'yar jar fitilarsa kamar kare ya ga uban gidansa.

Mati ya kakkaɓe ƙasa daga gemu ya ce, "Sallau, ka ji tsoron Allah. Don ka ga zan ci ka shi ne ka kira sojan sama?"

"Kai za ka ci wa? Saura ƙiris in binne ka!"

"Ga shi kuwa an binne mu duka. Ɗauki ɗanka ka mayar da shi gona, yana kukan babansa."

Sallau ya toshe bakin majalisa da rake, ya rungumi jirgi ya figi babur. Ko da ya isa, jan-baki sun sauka a gefen gabas suna walima, ko arzikin tashi ba su yi masa ba.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. A makon nan jiragen Zalɓe suka haukace a faɗin fadamar. Maimakon in caji ya yi ƙasa su koma akwatinsu, sai su bar gona su tafi neman mai su. Na wani ya bi shi kasuwa ya faɗa cikin daron manja. Na wani ya same shi a maƙabarta ana tsaka da addu'a, ya yi kukan shaho, liman ya shafa fatiha a guje. Wani bawan Allah ya zagaya bayan gida da waya a aljihu, bai ankara ba sai ji ya yi ana yi masa fifita daga sama.

Sallau ya tsorata ya tuba. Ya koma zaman gona. Ana nan, ran nan bayan azahar, yana zaune a kan kunya da wayarsa a hannu, yana kallo da idonsa, jirgi ya tsaya cak a sama kamar mai tunani, ya juya masa baya ya nufi gari.

"Kai! Ga ni nan! Ɗan banza, ga ni nan!"

Ko waiwaye. Sallau ya bi shi a babur, kansa a sama, har ya kusa hawa kan jaki. Jirgi ya wuce tsamiyar dara, ya wuce tasha, ya gangara wani lungu, ya yi shawagi a kan wani shingen zana, sannan ya sauka a kan tarin itacen da ke bayan shingen. Caji ya riga ya cinye kukan shahon, ga kuma injin markaɗe na ruri a maƙwabta, don haka babu wanda ya ji saukarsa.

Sallau ya san wurin. Gidan Ladingo mai farfesu ne, wadda ƙamshin tukunyarta ke karya azumin nafila. Ya lallaɓa zai ɗauki jirgi, sai idonsa ya faɗa ta wata ɓular zana.

Dattijo ne zaune a kan tabarma shi kaɗai a ƙuryar tsakar gida. Ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa, ya saƙala tsumma a wuya. A gabansa kwano ne shaƙe da ganda da ƙafar saniya, mai na ninƙaya a kai. Ya kama wani yanki da hannu biyu yana ja da haƙori, ido a rufe, gumi na bin gemu. Kusa da shi ga allo da gafaka an jingine, ga kuma shafcecciyar waya.

Ladingo ta ce, "Alhaji, a ƙaro romo?"

"Ƙaro. Ki sa gishiri kamar kina tsoron Allah."

Sallau ya gane surukinsa ne. Shi da ko ruwa bai taɓa ganin mutumin nan ya sha ba! Ya runtse ido, ya laluba ya ɗauki jirgi, ya cire takalmi duk da babu mai ganinsa, ya fita da baya da baya har bakin lungu. Bai gaya wa kowa ba, ko Lantana. Wa zai gaya wa? Ya ce ya ga me? A wurinsu, wanda ya gani shi ne ya yi abin kunya.

Da aka yi girbi, shinkafa ta fito rabi hatsi rabi haƙuri. Alhaji ya kira zama.

"Tabawa, tambayi mijin yarinyar nan, in abin nan ya bar gona ina yake zuwa?"

Sallau ya ce wa tabarma, "Daji yake nufa, Baba. Haka kawai."

"Daji! Na sayi kaya da gumina su mayar mini da shi mahaukaci? Kotu!"

Dama ƙungiyar manoma ta riga ta harzuƙa. Aka ɗauki lauya, aka shigar da ƙara cewa kamfani ya lalata musu kaya da abdet ɗin da ba su nema ba, ya jawo musu asarar amfani. Da aka zo zaɓen wanda zai tsaya ya ba da shaida a madadin kowa, Alhaji ya buga sanda ya ce babu wanda ya dace sai surukinsa, don shi ne mutum ɗaya a fadamar nan da ba ya ɗaga ƙafa daga gona. Mati, wanda shi zai kwashi jama'a zuwa Kano a motarsa, ya kama tari har sai da aka ba shi ruwa.

Daga nan Sallau ya zama zakaran taro. Shi ne mai cewa sai an rufe kamfanin, sai an kamo mai shi ko a ƙasar Sin yake. In an watse kuma sai ya bi shugaban ƙungiya a hankali yana cewa, "Amma fa sulhu alheri ne." Ana gobe shari'a ya kwanta zazzaɓi. Hajiya Tabawa ta aiko da tafasasshen ganyen darbejiya da saƙon cewa in bai tashi ba za ta zo ta ɗura masa da kanta. Ya tashi.

Kotu ta cika maƙil da manoma. Alhaji Barau na sahun gaba da sandarsa, Hajiya na gefensa riƙe da kular zogale, don ta ce ba za ta bar shi ya shiga Kano ba tsaro. Mai shari'a mace ce mai farin gilashi, ta ce a yi magana da Hausa kowa ya ji. Aka rantsar da Sallau. Lauyan manoma ya yi masa tambayoyi masu daɗi, ya amsa kamar ana zuba ruwa. Sannan lauyan kamfani ya miƙe, wani siriri mai suna Barista Ɗangambo, mai murmushin da ba ya kai wa ido.

"Malam Sallau, da saƙon ya zo, ka danna inda aka ce ka yarda?"

"Na danna."

"Ka karanta abin da ka yarda da shi?"

"Kai ka karanta?"

"Ni nake tambaya."

"To ni ma da za ka ba ni amsa da na ji daɗi, don na ga gilashinka bai kai kaurin da zai ga rubutun nan ba."

Aka yi dariya. Mai shari'a ta ce ya amsa abin da aka tambaye shi.

"Ban karanta ba, ranki ya daɗe. Abu ya tsaya mini a fuskar waya ya ƙi tafiya, ƙofa ɗaya ya bar mini, kore. In ɗan sanda ya tare hanya ya ce ka yarda ko ka kwana nan, ai ka yarda."

Barista ya ce, "Kamfani ya aiko da gyara ne don amfaninku."

"Wa ya ce muku ya lalace? Jirgina lafiyarsa ƙalau. In likita ya hauro katanga ya tarar da kai kana cin tuwo ya danna maka allura, ka tashi kana haushi kamar kare, sai ka gode masa?"

Manoma suka ɗauki sowa. Alhaji ya kalli fankar sama ya ce, "Tabawa, kin ji ko? Yaron nan akwai kai." Sallau ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Har ya fara tunanin ko dai zai tsallake.

Barista Ɗangambo ya bari hayaniya ta lafa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, bari in bayyana abin da gyaran ya yi. A da jirgi akwatinsa yake komawa. Yanzu wurin wayar mai shi yake zuwa, don kada a sace shi. Ba ya zuwa ko'ina sai inda wayar take. Wanda yake gonarsa, a gabansa zai sauka." Ya juyo. "Malam Sallau, ranar da jirginka ya fara barin gona, kana ina?"

Sallau ya tuna rantsuwar da ya yi, ya gyara hula.

"Ina nan cikin ikon Allah."

"A gona?"

"Zuciyata na gona."

"Sauran jikin fa?"

"Barista, rana ce mai zafi, ba kowane abu mutum ke riƙewa ba."

"Ba komai. Jirgin ya riƙe. Yana da ido, kuma duk abin da ya gani yana aiko wa kamfani."

Wani manomi daga baya ya ce, "La ilaha illallahu! Har na bayan gidan?" Aka tsawata masa.

Aka kashe fitila, aka haska bango. Ga shinkafa kore shar daga sama. Ga hanya. Ga rufin tasha. Ga tsamiya. Jirgi ya yi ƙasa, sai ga wani sanƙo yana ƙyalli a tsakiyar da'irar mutane, mai sanƙon ya duƙa a kan gurabe, hularsa a gefe. Ga babur a jingine, ga gwangwanin madara a bayansa, a buɗe, taɓo na sheƙi a ciki. Sanƙo ya ɗago. Fuskar Sallau ta cika bangon kotu, baki a hangame.

Mati ya miƙe daga baya. "Ranki ya daɗe, a ɗan mayar baya a ga guraben! Wallahi ni ke da wasan nan!"

Kotu ta kece da dariya. Mai shari'a ta buga tebur tana danne bakinta da hankici. Sallau ya nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi, siminti ne.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya yi gyaran murya irin wadda ke sa jikoki su bar tsakar gida. Ya kalli bango.

"Tabawa. Wancan gwangwanin, taɓo ne a ciki?"

"Taɓo ne, Alhaji."

"Furata ya sha a kan taɓon gwangwani. Ki gaya wa mijin yarinyar nan, yau kafin magariba ina son makullina."

Barista Ɗangambo ya gyara kwat, daɗi ya kama shi. Ya ce, "Ba mu gama ba, ranki ya daɗe. Akwai tafiya ta biyu. Ita ma mai shaida ya ce daji jirgin ya nufa. To ba daji ba ne. Wani gida ne a cikin gari, a lungu, mai shingen zana. Ni ma ban kalla har ƙarshe ba, amma da izinin kotu sai mu kalla tare."

Lauyan manoma ya zabura ya ce ya isa haka, an zo shari'ar jirgi ne ba tonon silili ba. Mai shari'a ta gyaɗa kai, da alama za ta yarda. Sallau ya saki numfashi.

Sai Alhaji ya dogara sanda ya miƙe.

"Gida? A lungu? Da 'yata a ɗakinsa?"

Mai shari'a ta ce, "Baba, zauna."

"Ranki ya daɗe, ni na sayi jirgin nan, kayana ne, ina da hakki in ga inda ya je. A kunna!"

Hajiya Tabawa ta ajiye kular zogale, ta zaro gilashinta daga jaka ta goge da bakin mayafi, ta matso bakin benci. "A kunna, 'yata. Mu ga gidan wace ce, mu ga wanda ke ciki."

Sallau ya durƙusa a cikin akwatin shaida har sai hularsa kawai ake gani. Ya ce wa ƙasa, "Baba, don Allah a bar wannan. Na amsa laifina, a karɓi makulli. Wannan dai a bar shi."

"Kun ji ko? Kun ji?" Alhaji ya juyo, kuma karo na farko tun da aka ɗaura auren Lantana ya dubi surukinsa ido cikin ido, ya nuna shi da sanda. "Kai! Da kai nake! Ba za a bari ba. Munafuki, mai fita da sunan abu ɗaya ya tafi wani! Yau sai duniya ta ga abin da ake yi a lungu bayan azahar. Ɗago kanka ka kalla da idonka!"

Mai shari'a ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Tunda mai kaya ya nema, a kunna."

Bango ya sake haske. Ga shinkafa. Ga hanya. Ga tsamiya ta wuce. Ga tasha ta wuce.

Sallau ya miƙe a hankali. Ya sunkuya ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya fito daga akwatin shaida, ya rusuna ta gaban Alhaji, ya nufi ƙofa da sanɗa, fuskarsa a kauce.

Mai shari'a ta ce, "Malam Sallau! Wa ya sallame ka? Ina za ka?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Ranki ya daɗe, ku dai ku kalla. Mu a gidanmu ba a tsayawa a kan suruki yana cin ganda."